Wace tuffa za ka dasa a gida? Abin dubawa kafin ka biya kuɗin dashe

A 'yan shekarun nan da wuya mutum ya tsaya wajen masu sayar da dashe a bakin titi, a Jos ko Abuja ko Kaduna, ba a nuna masa wani tsiro a cikin baƙar leda an ce masa tuffa ce ba. Sau da yawa har da hoton jajayen 'ya'ya a liƙe a jikin ledar, kuma mai sayarwa zai rantse cewa nan da shekara guda za a fara tsinka. Ina da bishiyoyin tuffa a bayan gidana a yankin Bukuru, kuma kafin in kai ga waɗanda suke ba ni 'ya'ya yanzu na yi asarar kuɗi da ta shekaru, saboda haka nake ganin ya dace in bayyana wa mai niyyar saye irin da zan zaɓa da kuma dalilina.

Abu na farko da ke raba irin tuffa da irin tuffa shi ne yawan sanyin da kowanne yake buƙata. Asalin bishiyar daga tsaunukan tsakiyar Asiya take, wajen ƙasar Kazakistan, inda hunturu yake zuwa da ƙanƙara. A can takan zubar da ganye ta kwanta barci, kuma idanun da ke jikin rassanta ba sa buɗewa su fitar da fure sai sun tara wasu awanni cikin sanyin da ya kai digiri 7 ko ƙasa da haka. Tuffar da muke saye a kasuwa, wadda yawancinta daga Afirka ta Kudu ake kawowa, irin su Golden Delicious da Royal Gala da Granny Smith, tana neman ɗaruruwan irin waɗannan awanni, wasu irin har 800 zuwa 1,000. Garin Jos yana kan tudun da ya kai kimanin mita 1,200, Mambila kuma ta fi shi tsayi, amma ko a waɗannan wurare ba a samun sanyin da ya kusanci wannan adadi. Don haka duk wanda ya tallata maka dashen Red Delicious ko Honeycrisp don ka dasa a Najeriya, bishiyar inuwa yake sayar maka, kuma ko inuwar ba za ta yi kauri ba.

Irin da na fi yarda da shi, wanda kuma nake ba kowa shawarar ya fara da shi, shi ne Anna. Wani mai binciken itatuwa, Abba Stein, ya samar da ita a gonar haɗin gwiwa ta Ein Shemer a ƙasar Isra'ila, ta hanyar haɗa Golden Delicious da wata tuffar gargajiya ta yankin wadda ta saba da zafi, aka fitar da ita ga manoma a 1959. Buƙatarta ta sanyi ba ta wuce awa 200 zuwa 300 ba, shi ya sa ake nomanta a Masar da Indonesiya da tsaunukan gabashin Afirka. Ɗan Anna yana da ɗan tsawo, fatarsa kore ce mai haske da ke komawa ruwan ɗorawa, sannan ja ya rufe gefen da rana take duka. Idan aka tsinke shi da ɗan sauran ɗanyantaka yana da tsami mai daɗi da ƙaras-ƙaras a baki, idan kuma aka bar shi ya nuna sosai zaƙi yakan rinjaya. Abin da ya fi burge ni game da ita shi ne saurin haihuwa, domin dashe mai aure, wato wanda aka haɗa reshenta a kan gindin wata tuffa, idan ya samu ruwa da taki yakan fara fure a shekara ta biyu ko ta uku, kuma takan ɗauki 'ya'ya fiye da ƙarfinta har sai mai ita ya rage. Nakan bar ɗaya ko biyu a kowane gungu tun suna kamar ƙwallon goruba ƙarami, in cire sauran, in ba haka ba duka za su fito ƙanana kuma reshe yana iya karyewa.

Anna tana da aibi guda da bai kamata a ɓoye ba, wato ba ta ajiyuwa. Bayan tsinka, idan babu firiji, cikin 'yan kwanaki naman yakan yi laushi ya zama kamar gari a baki. Ga mai gona da ke tunanin loda mota zuwa kasuwar 'Yan Lemo a Kano wannan babbar matsala ce, amma ga mai bishiya biyu a tsakar gida, wanda yara za su tsinka su ci a ranar a kuma aika wa maƙwabta, ban ɗauke shi abin damuwa ba.

Sai dai Anna ita kaɗai ba ta cika yin abin kirki ba, domin furen tuffa ya fi ɗaukar ciki idan ƙudan zuma suka kawo masa garin fure daga wani iri dabam. Idan ba ta samu haka ba, 'ya'yan sukan yi kaɗan, su fito sirara marasa ƙwaya a ciki. Abokiyar zamanta da aka sani a ko'ina ita ce Dorsett Golden, wadda aka gano a garin Nassau na tsibiran Bahamas a shekarun 1950, tuffa mai launin ɗorawa da zaƙi, wadda buƙatarta ta sanyi ta ma fi ta Anna ƙanƙanta, kuma suna fure lokaci guda. A wurina Dorsett mataimakiya ce, guda ɗaya ta isa bishiyoyin Anna uku ko huɗu muddin tazararsu ba ta yi nisa ba. Irin tuffar da ake kira Ein Shemer, 'yar gida ɗaya da Anna, tana iya haihuwa ita kaɗai, amma ɗanɗanonta bai kai a ba ta fili ba idan wurin ya yi ƙaranci. Akwai Tropic Sweet ta Jami'ar Florida a Amurka, da HRMN-99 wadda wani manomi, Hariman Sharma, ya samar a jihar Himachal Pradesh ta Indiya, da kuma Wambugu ta ƙasar Kenya wadda sunanta ya cika intanet, amma wahalar tabbatar da cewa abin da aka miƙo maka shi ne ainihin irin ta sa ban sa su a gaba ba.

Game da ƙaramar tuffa mai tsami da Turawa ke kira kirab, wadda faɗin ɗanta ba ya wuce santimita 5, gaskiya ne cewa a Turai da Amurka ana dasa ta don kyawun furenta, ana dafa 'ya'yanta da sukari a yi abin shafa wa burodi, kuma masu gonaki suna jera ta a tsakanin layuka domin tana da garin fure mai yawa. Wanda yake zaune a Ingila ko Jamus yana da ɗan fili, Evereste ko Golden Hornet za su ƙawata masa gida. A nan kuwa sanyin da suke nema babu shi, kuma ko sun yi fure ba zai zo daidai da na Anna ba, don haka kuɗinsu gara a ƙara a sayi Dorsett.

Yanzu ga abin da ya fi zaɓen iri muhimmanci, wanda kuma a kansa aka cuce ni. Shekarar da na tare a gidana na sayi dashe shida a hannun wani mai sayarwa a bakin hanya, kowanne da ganye kore shar, da hoton jajayen tuffa a jiki. Na haƙa ramuka, na zuba takin shanu, na yi ta ban ruwa rani da bazara har ana yi mini maganar kuɗin ruwa a gida. Biyu gara ta cinye, huɗu suka girma suka wuce katanga, shekara shida babu ko fure ɗaya. A shekara ta bakwai guda ɗaya ta yi 'ya'ya bakwai ko takwas, ƙanana kamar goro, masu tsamin da ko tsuntsu bai taɓa ba. Wani dattijo da ya daɗe yana aikin lambu ya zo duba mini, ya durƙusa ya share ƙasar gindin da hannu, ya bi jikin bishiyar da yatsa tun daga ƙasa har gwiwa, sannan ya ɗago ya ce, "Alhaji, ai waɗannan ba su da aure, daga ƙwallo aka tsiro da su." Na ce, "Baba, to yanzu mene ne abin yi?" Ya ce a sare su a bar kututture, a aura musu reshen kirki, kuma da haka aka ceto biyu daga cikinsu.

Dalilin kuwa shi ne ƙwayar tuffa ba ta gadon uwarta. Idan ka shuka ƙwaya goma daga tuffa guda mai daɗi, bishiyoyi goma mabambanta za ka samu, yawancinsu marasa amfani, kuma sai sun yi shekara shida zuwa goma kafin su nuna halinsu. Balle kuma ƙwayar da aka ciro daga tuffar kasuwa, wadda iyayenta duka 'yan ƙasar sanyi ne. Macuta sun san wannan sarai, sun kuma san cewa kafin ka gane sun daɗe da barin wurin. Saboda haka kada ka karɓi dashe sai ka ga wurin auren da idonka, kamar yadda kake dubawa a jikin mangwaro. Yana nan kimanin taƙi ɗaya sama da ƙasar leda, wani ɗan kumburi ko lanƙwasa inda launin ɓawon sama ya bambanta da na ƙasa. Wasu sun koyi yi wa tsiro rauni da reza su naɗe shi da leda don ya yi kama da aure, shi ya sa ya kamata ka nemi a kwance ledar. Auren gaskiya yana nuna tabon itace biyu da suka haɗu suka warke, sau da yawa da siffar tsinin da aka cusa cikin tsaga, na ƙarya kuwa zane ne kawai a fatar itace ɗaya, kuma ɓawon sama da na ƙasa iri ɗaya ne.

Wata yaudarar ita ce sayar da magarya da sunan tuffa. Akwai magarya mai manyan 'ya'ya, kore masu sheƙi, waɗanda a hoto suke kama da ƙaramar Granny Smith. Ganye ne yake tona asiri: na magarya yana da jijiyoyi uku da suka taso tare daga gindin ganyen, bayansa fari-fari, kuma reshen yakan zo da ƙaya, alhali ganyen tuffa jijiya ɗaya gare shi a tsakiya, bakinsa kuma kamar haƙoran zarto. Ita wannan magarya ba abin rainawa ba ce idan an sayar da ita da sunanta. Cibiyar bincike ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yaɗa aura irin Indiya a kan magaryar gida, har ake kiranta tuffar Sahel, kuma ga wanda yake Sakkwato ko Maraɗi ko Nguru, inda zafin bazara yake haura digiri 40, ita ce nake ganin ta fi dacewa da kuɗinsa fiye da kowace tuffa. Laifin yana ga wanda ya karɓi kuɗin Anna ya miƙa magarya.

Haka nan a yi hattara da masu talla a Facebook da WhatsApp waɗanda suke ɗora hotunan gonakin wasu ƙasashe, su ce a tura kuɗi za a saka dashe a mota. Ba a cinikin biri a sama. Mai renon dashe na gaskiya yana da uwar bishiya da yake yanko rassa daga jikinta, kuma ba zai ƙi kai ka ka gan ta ba, musamman lokacin da take ɗauke da 'ya'ya. Idan ya ce daga waje ya shigo da su, ka nemi ganin takardar izinin hukumar NAQS mai kula da shigo da tsirrai, domin dashen da aka shigo da shi ta bayan fage yana iya kawo maka cutar da za ta kama sauran itatuwan gidanka. Arahar da ta wuce hankali ma alama ce, tunda aure aiki ne da ke cin lokaci kuma ba kowanne ke kamawa ba.

Tambaya ta gaba da za ka yi wa mai sayarwa ita ce a kan wane gindi aka yi auren, domin gindin ne yake yanke girman bishiya da jurewarta. Sanannun gindaye sun fito ne daga tashar bincike ta East Malling a Ingila. M9 yana ba da gajeriyar bishiya mai saurin haihuwa, amma saiwarsa ba ta nisa, sai an kafa mata sanda kuma ba ta yafe fashin ban ruwa. MM106 matsakaici ne, sai dai gindinsa yana ruɓewa a ƙasar da ruwa ke kwanciya, abin lura ga mai gida a Jos inda ruwan Yuli da Agusta ba ya ɗagawa. MM111 ya fi su jure fari ko da yake yana ɗan jinkirta haihuwa, kuma da zan sake dasawa daga farko, Anna a kan MM111 zan nema, in ba ta tazarar mita 4.

Ko ka samu Anna ta gaskiya, sai ka taya ta abin da hunturunmu ya gaza yi mata. Manoman garin Batu a gabashin tsibirin Java na Indonesiya, inda babu hunturu sam, sun daɗe suna tsige ganyen bishiyar gaba ɗaya da hannu 'yan makonni bayan girbi, su lanƙwasa rassa su kwanta a ɗaure, sai idanun su farka su yi fure, har suna girbi sau biyu a shekara. Ni sau ɗaya nake yi, a tsakiyar hunturu: in rage ban ruwa na mako biyu ko uku, in tsige ganyen Anna da na Dorsett a rana ɗaya domin furensu ya haɗu, sannan in zuba ruɓaɓɓen taki in koma ban ruwa sosai. Ranar dasawa kuma ka tabbata wurin auren ya tsaya sama da ƙasa da faɗin tafin hannu, kada ka jingina ɗanyen taki ko busasshiyar ciyawa a jikin gindin saboda gara, kuma duk tohon da ya fito daga ƙasan auren ka cire shi tun yana ɗanye, domin na gindin ne, idan ka bar shi zai rinjayi Annar da ka biya kuɗinta.