Bitar Masaukin Koyon Hawan Igiyar Ruwa a Taghazout, Maroko

Taghazout ƙauyen masunta ne da ke bakin Tekun Atlantika, kimanin kilomita 20 arewa da birnin Agadir, kuma a yau ya cika da masaukai waɗanda ke haɗa wa baƙo wurin kwana, abinci, kayan wasa da darasin hawan igiyar ruwa a farashi guda. A ɗaya daga cikinsu na sauka lokacin hunturu, kuma a ganina abin da ya cancanci kuɗin da aka biya shi ne malamin da suka ba mu.

Kowace safiya, kafin a ɗaure allunan da ake hawan igiya da su a saman mota, yakan duba inda iska ta fuskanta da lokacin cikar teku da janyewarta, sannan ya zaɓi gaɓar da ta dace da sababbin shiga. Bai kai mu Anchor Point ba, duk da cewa shi ne wurin da ya fi suna, domin a can igiyar tana karyewa ne a gefen duwatsu, kuma fagen ƙwararru ne. A gaɓar Panorama da wadda ke kusa da ƙauyen Tamraght muka yi karatu, inda ƙasan ruwan yashi ne.

Darasin farko a kan tudu aka yi shi. Malamin ya zana siffar allo a kan yashi da ɗan yatsa, ya sa muka kwanta rubda ciki muna tuƙi da hannuwa, muna miƙewa tsaye a motsi ɗaya, har sai da jiki ya saba. Daga nan ya nuna mana wani zirin ruwa mai duhu wanda babu kumfa a kansa, ya ce nan ne ruwa ke komawa cikin teku da ƙarfi, kuma duk wanda ya faɗa ciki kada ya yi kokawa da shi, ya yi iyo ta gefe har ya fita. Wannan bayani ya kwantar mini da hankali ƙwarai, domin a idon baƙo wurin shi ne ya fi kama da mai aminci.

Ruwan yana da sanyi a wannan lokaci, amma rigar robar da suke bayarwa tana riƙe ɗumi, tana kuma rufe jiki daga wuya zuwa idon sawu. Musulmi ba zai sha wahala ba: ana jin kiran salla daga masallacin ƙauyen, abincin kuma halal ne. Tajin ɗin kifi da dare, wato dahuwar Maroko da ake yi a cikin tukunyar ƙasa, ya yi daɗi, haka ma amlu, wato haɗin man argan da almon da zuma da ake ci da burodi da safe.

Inda suka gaza shi ne yawan ɗalibai. A wasu ranaku malami ɗaya ke kula da jama'ar da ta fi ƙarfinsa, sai mutum ya daɗe yana faɗuwa ba tare da an gyara masa tsayuwa ba. Ruwan zafi na wanka yakan ƙare da yamma, sannan tafiya zuwa gaɓar ƙauyen Imsouane, mai doguwar igiya mai sauƙin hawa, sai da muka ƙara kuɗi, alhali ba a faɗa mana haka tun farko ba.

Mai niyyar zuwa ya tambayi adadin ɗaliban kowane malami da abin da farashin ya ƙunsa a rubuce kafin ya biya. Manyan igiyoyi daga Oktoba zuwa Maris suke zuwa, ƙanana kuma da bazara. Wanda ya tashi nesa da teku, kamar yawancinmu, lallai ne ya koyi iyo sosai tun daga gida, domin masaukin ba ya koyar da shi.