Sharhi kan washa na gyaran aksil ɗin baya na MGB

Kayan da muke magana a kai 'yar ƙaramar leda ce da ake odarta daga Ingila: washa biyu na fayiba, biyu na jan ƙarfe masu ɗan lanƙwasa kamar faifai, ƙusar makulli ɗaya, da gaskit na murfin baya. An yi su ne don aksil irin na Salisbury, wanda ke jikin motar Ingila ƙirar MGB GT tun 1965 da duk sauran MGB daga 1967 har aka daina ƙera motar a 1980. Mun ɗaura su, motar ta zagaya Sabon Gari da Samaru, ta hau titin Kaduna, kuma ƙarar "ƙwas" da take yi in an saki kuloci ta ɓace. Kuɗinsu ya halatta, amma ga ciwo ɗaya kawai.

Shi ya sa kafin ka saya, malam, ka tabbatar daga ina ƙarar take. Ka ɗaga mota bisa madogara mai ƙarfi, ka ja birkin hannu, ka cire giya, ka kama farfela daga wajen da ta haɗu da aksil ka murɗa dama da hagu. In wasan ya kai santimita 1 a bakin faifan da ya haɗa farfela da aksil, a buɗe aksil ɗin. Sai dai ka fara duba kuros na farfela, da notin tsakiyar taya, da ƙusoshin da suka ɗaure aksil kan sifirin, domin duk suna yin wannan ƙarar. Kuka mai sauya murya in an taka totur ko an ɗaga ƙafa kuwa na babban haƙori ne da finiyo (ƙaramin haƙorin da farfela ke juyawa), ko boris ɗinsu. Gurnanin da ke ƙaruwa a kwana na boris ɗin taya ne. Ledar nan ba ta maganin ko ɗaya a cikinsu.

Aikin bai buƙaci sauke aksil ba. A tsiyaye mai, a kwance murfin baya, a zaro shaf na gefe ɗaya ya ɗan fito. A juya kejin haƙora har ƙusar makullin ta bayyana, a fitar da ita da siririn fonci, a zare sandar tsakiya, a mirgino ƙananan haƙora biyu, sannan manyan biyu. A nan za ka ga abin da ya faru: washan fayiba sau da yawa ya narke cikin mai babu ko alamarsa, na jan ƙarfen ya koma sirara kamar takarda, bayan haƙorin yana sheƙi saboda gogar ƙarfe da ƙarfe. In aka bar shi haka, haƙoran na dukan sandar tsakiya har ƙusar ta karye, sandar ta zamo ta daki finiyo. Tayoyin baya na iya ƙamewa ana cikin gudu, kuma wannan batun rai ne.

Washan sun zauna daidai ba tare da an goge komai ba. Inda kayan suka gaza shi ne ƙusar, mai rami ce a ciki kuma ta shiga da sauƙin da bai kwanta mana ba, don haka a zura mata fil mai tsaga ta cikin ramin a lanƙwashe bakinsa. Gaskit ɗin ma siriri ne, yana son a shafa masa ɗan gam. Babu oyil sil a ledar, a saye shi daban tunda shaf ya riga ya fito. In sandar tsakiya ta yi gurbi inda haƙora ke juyawa, a canza ta, in ba haka ba ƙarar za ta dawo. Notin tsakiyar taya a ɗaure shi da sifana mai awo zuwa Nm 203, ba da bututu da ƙarfin tuwo ba.

Mai shi ne man giya EP90, kusan lita 0.85, a zuba har ya fara dawowa ta ramin cikawa, mota tana tsaye a daidai. Baƙin mai na inji ba ya ɗaukar matsin haƙoran nan, kada a kuskura.

Abin da aka fi mantawa a Zariya shi ne 'yar mashaƙar iska da ke saman bututun aksil. Ƙurar hunturu na cakuɗuwa da maiƙo ta toshe ta, aksil ya yi zafi, iska ta rasa mafita ta turo mai ta oyil sil zuwa kan takalmin birki. A cire ta a wanke da kananzir duk lokacin juyen mai. Da damina kuma, in motar ta ratsa ruwa ya kai tsakiyar taya, a buɗe a duba a ranar: man da ya koma launin koko ruwa ya shige shi, a zubar a sa sabo.