Wata huɗu golanmu ya yi a hannun mai horar da masu tsaron gida

Ranar da na yanke shawarar cire kuɗi daga aljihuna in kai golanmu wurin mai horar da masu tsaron gida, ci uku aka yi mana, biyu daga bugun kwana. Na biyun har yau yana idona. Ƙwallo ta taso sama ta rataya a bakin gida. Lamba biyar ɗinmu, ɗan bayan tsakiya, ya ɗaga kai yana jiran gola ya fito, gola kuma ya kafe a kan layi yana jiran lamba biyar ya sa kai. Sai wani siririn yaro da bai kai kafaɗar kowannensu ba ya ratsa tsakani ya dungura ta cikin raga. Aka tashi wasa suna nuna wa juna yatsa, 'yan kallo na bakin fili suna ihun "kwando, kwando". Golanmu ya cire safar hannunsa ya cusa a leda, bai yi wa kowa magana ba har muka isa gida.

Ni tela ne a nan Kano, kuma na daɗe ina riƙe da kulob ɗin samarin unguwarmu. Golan ɗan yayata ne, shi ya sa abin ya dame ni ta fuska biyu. Yana da tsawo, ba ya tsoron ƙafa, idan aka zo fenareti kuwa yana da sa'a. Amma da wuya mu tashi wasa ba a zura mana biyu ko uku ba, kuma duk canjin da na yi wa 'yan baya bai hana ba. Ni ban taɓa tsaron gida ba. Abin da na sani a atisaye shi ne a jera ƙwallaye a bakin sha takwas, wato babban da'irar gaban raga, a yi ta narka masa har ya gaji. Yanzu na gane wannan horar da masu buga ƙwallon ne, shi golan abin gwaji kawai muka mayar da shi.

Mutumin da aka haɗa ni da shi tsohon gola ne, ya manyanta, gwiwarsa ɗaya ba ta lanƙwashewa sosai. Yana amfani da filin wata makarantar sakandare: Asabar da Lahadi bayan sallar Asuba, sai Laraba bayan La'asar. Kuɗin wata yake karɓa, kuma bai kai farashin safar hannu guda mai kyau ba. Kayan aikinsa buhun ƙwallaye ne, da igiya doguwa, da wata tsohuwar katifar soso da yara ke faɗawa a kai idan ana koyon faɗuwa.

Ranar farko bai bari yaron ya yi daibin ko sau ɗaya ba. Ya ɗauko igiyar nan ya ɗaura baki ɗaya a turken dama, ɗaya a turken hagu, ya ja tsakiyarta zuwa inda ya ajiye ƙwallo, ta zama kamar bakin mashi. Ya ce wa yaron ya tsaya inda ya saba tsayawa. Ya tsaya a kan layi. Ya ce ya miƙa hannu ya taɓa igiyar ta kowane gefe. Ina! Tsakaninsa da ita sai an yi taku biyu. Sai ya ce ya matso gaba, ya ƙara matsowa, har ya iso inda idan ya kwanta dama ko hagu hannunsa zai kai. "To nan ne gidanka," in ji shi. "Layin can na alƙalin wasa ne." Ya matsar da ƙwallon gefe, igiyar ta karkace, wurin tsayuwa ya canza. Haka suka yi ta yi kusan awa guda, yana matsar da ƙwallo yaro yana bin ta da ƙananan taku. Ina zaune a kan babur ɗina ina kallo, sai na riƙa tuno ƙwallayen da aka ci mu ɗaya bayan ɗaya, ina ganin inda ya kamata a ce ya tsaya.

A mako na uku ne ya kira ni gefe. "Malam, ɗanka yana da hannu, amma bebe ne a cikin gida. Ranar Lahadi ka zo mini da 'yan bayanka huɗu." Na ce ai kuɗin mutum ɗaya na biya. Ya ce shi ma mutum ɗaya zai horar, sauran kunnuwansu yake so.

Abin da ya faru ranar Lahadin nan shi ne dalilin da ya sa nake wannan rubutu. Ya jera 'yan bayan sun juya wa gola baya kamar yadda suke a wasa, ya sa wasu yara suna kawo hari, ya kafa doka: duk ƙwallon da ta shigo sha takwas gola bai yi magana ba, ci ne, ko da ya kama ta. Kalmomin ma ya ƙayyade masa. Idan zai fito ya ɗauka, ya daka tsawa ya ce "Gola!" tun ƙwallon tana sama. Idan ba zai fito ba, ya ce "Fitar!" Idan an fitar, "Ku fito!" domin layin baya ya tashi gaba tare. Idan akwai wanda ya sulale, ya kira sunan ɗan bayan ya gaya masa hagu ko dama. Ya hana shi cewa "bar ta", don alƙali na iya ɗauka abokin hamayya ake son ruɗawa ya busa. Da farko muryar yaron ba ta wuce bakin sha takwas. Kunya yake ji, saboda lamba biyar ɗinmu ya girme shi da shekara uku, a unguwa Yaya yake ce masa. Kocin ya lura. Ya tsayar da atisaye ya ce wa lamba biyar ɗin, "Kai, a waje kai ne babba. A nan shi ne mai ido a ƙeyarka. Idan ya ce ka matsa, ka matsa." Daga ranar abin ya fara sauyawa, kuma ban taɓa tunanin girmama na gaba, wanda muka rene su a kai, yana cikin abin da ke sa a ci mu ba.

Haka ya koya masa jera katanga idan an sami firikik: ya tsaya jikin turke ya daidaita mutumin farko, ya faɗi adadin da yake so da yatsu, sannan ya koma ya tsare ɓangaren da katangar ba ta rufe ba. A da yaranmu sukan taru ne kawai kamar masu jiran rabon abinci, kowa yana kare fuskarsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuwa bangon ma ba mu da shi.

A gidan kallo an sha yin musu a kan wannan. Liverpool ta sha ƙwallo 38 a Firimiya a kakar 2017/18. Aka sayo gola Alisson daga Roma a 2018, kakar da ta biyo baya ƙwallo 22 kawai aka zura musu, shi kuma ya yi wasa 21 ba a ci shi ba. Wasu su ce aikin Van Dijk ne, ɗan bayan da ya zo a Janairun 2018. Ni a da ina cikin masu cewa haka. Yanzu ina ganin raba su kuskure ne, domin ɗan baya ba ya iya tashi gaba da kwanciyar hankali sai ya yarda da wanda ke bayansa. Mu ma nan gida mun gani. Babu wanda ya manta da Maris ɗin 2022 a Abuja, lokacin da ƙwallon Thomas Partey na Ghana ta wuce ta ƙarƙashin Uzoho, golan Najeriya, aka tashi 1-1, Ghana ta tafi Kofin Duniya mu muka zauna. Da aka je Kofin Afirka a Kwaddibuwa a farkon 2024, kocin Najeriya Peseiro ya sa Stanley Nwabali na Chippa United a raga, wanda da yawanmu ba mu san shi ba. Bayan kunnen doki da Equatorial Guinea, wasa huɗu a jere ba a ci Najeriya ba: da masu masaukin baƙi, da Guinea-Bissau, da Kamaru, da Angola. Kowa fenareti biyun da ya tare wa Afirka ta Kudu a wasan kusa da na ƙarshe yake tunawa. Ni abin da ya fi burge ni yadda 'yan bayansa, Troost-Ekong da Ajayi da Bassey, suka daina waiwaye.

Wannan daina waiwayen shi na gani a yaranmu wajen wata na uku. Layin baya ya fara tashi tare, satar gida ta fara kama mutane, bugun kwana ya daina tayar mini da hankali. Abin mamaki, yaron yanzu ya fi ƙarancin daibin. Akwai wasan da muka tashi babu ci, ya fito da riga kusan tsaf, wani dattijo a bakin fili ya ce ai yau golanku hutawa ya yi. Bai huta ba. Muryarsa ta dushe har washegari.

Amma akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma duk mai niyyar kai ɗansa gara ya sani. Na farko filin. Burji ne, da hunturu ya shigo ya zama kamar siminti. Katifar soso ɗaya ce, yara kuwa sun haura goma, don haka mafi yawan faɗuwar a ƙasa ake yi. Ɗan yayata ya dawo da gwiwar hannu a kumbure har sai da ya yi mako biyu bai taɓa ƙwallo ba, uwarsa ta kusa hana shi komawa. Na ɗinka masa dogon wando da riga na cusa soso a ƙugu da gwiwoyi, abin ya yi sauƙi, amma wanda ke karɓar kuɗin mutane ya kamata ya zuba ko tifa ɗaya ta yashi a bakin raga. Na faɗa masa, ya ce filin ba nasa ba ne. Gaskiya ne, sai dai yaran a hannunsa suke.

Yawan yaran ma matsala ne. Shi kaɗai ne, babu mataimaki, kuma ya haɗa 'yan shekara goma sha biyu da samari masu gemu. Wani lokaci yaro zai yi minti goma a layi kafin a zo kansa. Bakinsa kuma yana da kaifi. Namu ya jure, amma na ga ƙaramin yaro ya fashe da kuka saboda an kira shi rariya a gaban mutane, bai sake dawowa ba. Wanda ya san zafin ihun 'yan kallo bai kamata ya zama shi ne mai fara jefa wa yaro wannan kalma ba.

Sai maganar ƙafa, wadda ita ce babban giɓin da na gani. Tun 1992 aka hana gola kama ƙwallon da ɗan wasansa ya mayar masa da ƙafa, kuma daga 2025 idan ya riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa takwas kwana za a ba abokan hamayya. Wato gola na yau dole ya iya tsayar da ƙwallo ya raba ta da sauri. Kocin nan ɗan tsohon yayi ne, abin da ya sani shi ne kama ka narka gaba. A wata huɗu ban ga ya ware rana ɗaya don wannan ba. Dole na riƙa sa yaron cikin 'yan tsakiya a atisayenmu na yamma don ƙafarsa ta saba.

Yana kuma sayar da safar hannu. Na saya don in kyautata masa, cikin mako uku tafin ya ɓare. Daga baya na gane ba mugun kaya ba ne, irin mai laushin nan ce da aka yi don ciyawa, burji kuwa cinye ta yake. Da ya gaya mini tun farko, da na ajiye ta don ranar wasa na sayi mai tauri ta atisaye. Shawara ɗaya da ya ba mu a kanta ta yi amfani: a ɗan jiƙa tafin da ruwa kafin wasa, a wanke ta bayan an gama, kada a shanya a rana.

Duk da haka na sake biyan kuɗin wata na biyar, kuma na kai masa ƙaramin golanmu. Idan kana riƙe da kulob kuma ana ta cin ka kana ta canza 'yan baya, ina ba ka shawarar ka nemi irin wannan mutum, da sharaɗin ka tafi da 'yan bayanka ko sau ɗaya a wata, don idan gola ya koyi magana babu masu saurare, kuɗinka ka zubar. Yaron da bai kai sha huɗu ba kuwa, ka tsaya a wurin da kanka har a tashi.

Ranar Juma'ar da ta wuce muka sake haɗuwa da kulob ɗin da ya yi mana ukun nan. Minti kaɗan a tashi suka sami kwana, muna gaba da ci ɗaya. Siririn yaron nan yana nan, ya laɓe a bayan lamba biyar. Ƙwallo ta taso, na ji "Gola!" tun daga inda nake tsaye a tsakiyar fili, lamba biyar ya kauce, golanmu ya ɗauke ta sama da kan kowa ya rungume. A hanyar gida yana bayana a kan babur, ya ce, "Kawu, ranar Asabar ka tashe ni da wuri, Koci ya ce za mu fara bugun ƙasa-ƙasa."