freeCodeCamp daga nan Maradi: abin da na gani a sashen HTML da CSS

Salamu alaikum 'yan uwa. Tun da na sa hoton satifiket ɗina a status ake ta tambayata wai ina na yi formasiyon ɗin, nawa na biya, wane malami ne ya koya mani, to bari in amsa ma kowa gaba ɗaya in huta. Ba wata santa da na shiga, a freeCodeCamp na yi, wani shafin intanet na koyon kod, sashen HTML da CSS, wato harsunan da ake gina shafin intanet da su, kuma ko dala ban ba su ba in ka cire kuɗɗin forfe da nike saye. Wani Ba'amurke ne, Quincy Larson, wanda da can aikin makaranta yake, ya buɗe shi a 2014, ƙungiya ce da ba ta neman riba, da gudummawar mutane take tahiya, shi ya sa jefi-jefi za ka ga saƙon neman taimako ya hito maka, in ba ka da hali ka wuce abinka ba wanda zai kulle maka darasi.

Abin da ya sa na tsaya kanshi shi ne ba kallo ake ba, rubutu ake. Allon ya kasu uku, gefe guda bayani, tsakiya wurin rubuta kod, ɗaya gefen kuma kana ganin abin da ka rubuta shina hitowa nan take. Lokacin da na yi, darasin farko shafin hotunan kyanwa ne, su ce ka sa kai da h1, ka sa sakin layi da p, ka sa hoto da img, kana gamawa ka danna ya duba maka, in ka mance rufe tag guda (alamun nan irin h1 da p) ko ka bar alamar zance a buɗe wallahi ba ya barinka ka wuce sai ka gyara. Da farko abin haushi ne, daga baya sai ka ga hannunka ya saba da kanshi, kana buɗe tag kana rufewa ba tare da ka yi tunani ba. Na san yara nan unguwar Zariya da sunka cika waya da bidiyon koyon kod na awa goma goma, sun kalla sun ce sun gane, ka ba su kwamfuta ka ce su rubuta maka shafi guda sai a tsaya kallon juna.

Bayan kyanwa sai takardar farashi ta gidan kofi, nan ne CSS ke shigowa, launi, girman rubutu, tazara. A gurina darasin da ya fi kowane amfani shi ne na fom ɗin rajista da na jera hotuna da flexbox, wata dabarar CSS ta jera abubuwa a shafi, don su ne kullum aiki ke biyowa ta kansu. Akwai wasu kamar zanen piyano da na tsuntsun ƙanƙara da ni dai sun ɗan ja ni da tsawo, amma ra'ayina ne, wani abokina su ya fi so. Lokacin da na yi, sai ka gama manyan ayyuka 5 da kanka kafin su ba ka satifiket, ciki har da fom na tambayoyi da shafin tallar kaya da shafin nuna ayyukanka, kuma su sun ƙiyasta sashen a awa 300. Suna sabunta tsarin nasu don haka wanda zai shiga yanzu zai iya tarar da jerin ya ɗan sake.

Maganar harshe ita ce babbar matsalarmu mu 'yan Nijar, da Ingilishi na yi shi, alhali mu da Faransanci munka taso tun firamare, ɗan Ingilishin kolej kuwa kowa ya san iyakarshi. Chrome na fassara shafi, amma a kula, wani lokaci sai ya fassara har kalmomin da ya kamata ka rubuta yadda suke cikin kod, kai ta faman kwafa shina ƙin karɓa. Dabarar da ta yi mani aiki ita ce in karanta bayanin abu a kos ɗin HTML5 da CSS3 na OpenClassrooms, wanda Mathieu Nebra ya rubuta da Faransanci mai sauƙi, manyanmu sun san shi tun yana Site du Zéro, sannan in dawo freeCodeCamp in yi aikin hannu. MDN ma, shafin bayanin HTML da CSS, shina da shafukan Faransanci in kana son duba ma'anar wani tag. Kuma gaskiya Ingilishin kod ba shi da yawa, kalmomi ne ke ta maimaituwa, mu da ke kusa da Katsina da Kano kunnenmu ma ya riga ya saba da rabinsu.

Da waya ana iya farawa? Ana iyawa, darussan farko duk sun yiwu, amma neman alamomin nan na kod a kibod ɗin waya wahala ce, kuma da ka kai CSS mai tsawo sai idonka ya gaji da hawa da sauka. Kwamfuta ta hannu irin waɗanda ake shigowa da su ta Jibiya ta isa, ba sai mai tsada ba, abin dubawa kafin ka biya shi ne batir, don a bazara in anka ɗauke kuran da rana batir ne gatanka. Ta wajen intanet kuma ba ya cin forfe kamar bidiyo tunda rubutu ne, kuma in ka buɗe kont duk matakin da ka wuce an adana maka shi ko rezo ya yanke daga baya.

Yanzu ga inda nike son mai farawa ya buɗe kunne. Wurin rubutun nasu kamar takardar siminti ce da tela ke ba yaronshi ya koyi ɗinki, hannu na faɗawa amma ba ita ce shaddar mutane ba. A can komi an shirya maka, hotuna na kan intanet ɗinsu, fayiloli an haɗa su. Tun kana tsakiyar kos ɗin ka sauke VS Code, manhajar rubuta kod, kyauta ne, ka buɗe dosiye a kwamfutarka, ka ƙirƙiri index.html da style.css da wani dosiye na hotuna, ka sake gina abin da ka koya daga fari ba mai duba maka. Nan ne za ka haɗu da abubuwan da ke kada mutane, misali sunan fayil, a Windows Hoto.JPG da hoto.jpg duk ɗaya ne amma in ka ɗora shafin a GitHub Pages, wurin ɗora shafi a intanet kowa ya gani, sai hoton ya ɓace don can babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne. Sannan mu masu rubutu da Hausa akwai ɗ da ƙ da ɓ, in ba ka sa meta charset utf-8 a kan shafi ba suna iya hitowa a birkice, kuma ba kowane salon rubutu ke da su ba, za ka ga kalma ta yi kyau sai ƙ ɗin kawai ya bambanta da sauran. Noto Sans na da su duka. Wanga kam ba a Amurka za a hwaɗa maka shi ba.

Shafin gaske na farko da na yi na kawuna ne mai shagon shadda da atamfa a babbar kasuwa. Na zuba mashi launuka da rubutu mai motsi na kai mashi a kwamfuta ina jiran yabo, shi ko kallonta bai yi ba ya ce in buɗe mashi a wayarshi. Ya ja sama ya ja ƙasa sannan ya ce "To ɗana, in mace ta ga atamfar ta yi mata, ta ina za ta yi mani magana?" Na ce "Kawu ga fom nan ƙasa, za ta rubuta imel." Dariya kawai ya yi ya miƙo mani wayar. Abin da ya gyara zancen layi guda ne, mahaɗin wa.me sai 227 sai lambar shagon mai alƙaluma 8, ba alamar tarawa ba tazara, na sa shi ƙarƙashin kowane hoto, ana dannawa WhatsApp ya buɗe. Hotunan ma sai da na rage nauyinsu da manhajar Squoosh zuwa WebP, wani nau'in hoto mara nauyi, don hoton waya ɗaya kan kai mega 3 ko 4, ka jera ashirin a shafi guda ba mai haƙurin jira da forfen shi. Darasin da freeCodeCamp sunka yi kan yadda shafi zai dace da ƙaramin allo nan ya yi mani rana, shi kam sun koyar da shi da kyau.

Ɗora shafi a GitHub Pages kyauta ne in dai HTML da CSS ne kawai, amma adireshin zai ƙare da github.io. In mai kaya na son sunanshi da .com ko .ne namu na Nijar to saye ake kuma kowace shekara ake sabuntawa, yawancin masu saida .com da kati ake biyansu, ka hwaɗa mashi wanga tun kafin ku yi ciniki kar shekara ta zagayo a ce kai ka kashe shafi.

Satifiket ɗin kuwa shina da mahaɗi da kowa zai iya buɗewa ya tabbatar, ya yi kyau a CV, amma ba difilom ɗin gwamnati ba ne, kar wani ya bar lise ko jami'ar Dan Dicko Dankoulodo sabo da shi. Cikin waɗanda na yi ma aiki ba wanda ya tambaye ni shi, shafin kawu nike buɗe masu a waya. In maki ne zan ba sashen HTML da CSS 8 cikin 10. Na shiga sashen JavaScript yanzu, harshen da ke sa shafi ya yi aiki in an taɓa shi, kuma shi kam wani abu ne daban, har yanzu muna kokawa da madauki, wato loop mai maimaita umarni, in Allah ya sa na kai ƙarshe zan rubuto nashi.