Tsohon saitin ƙarfe ko sabon tabarau: wanne ya dace da bindigar kaka?

Malam, ka yi tambaya daga Tawa a kan bindigar kakanku, ɗaya daga cikin mazan jiya da suka yi wa Faransa aikin soja. Ka ce doguwar Berthier ce, wato tsohuwar bindigar sojan Faransa, an daɗe da toshe bakinta, tana rataye a ɗaki don tunawa da shi kawai, kuma saitinta na baya, wato ɗan ƙarfen da ake auna harbi da shi, ya ɓace. Ƙanenka da ke Faransa ya samo abu biyu, tsohon saitin ƙarfe da aka ciro daga wata bindigar, da sabon tabarau na hangen nesa haɗe da ƙafarsa. Shi tabarau yake so, don ya ga irinsa a hotunan yaƙin 1914. Kai kuma kana son sanin wanda ba zai ɓata mata tarihi ba.

Ka ɗauki saitin ƙarfen. Sai dai ƙanen naka bai yi ƙarya ba, shi ya sa zan fara da nasa.

Gaskiya ne an ɗora tabarau a kan bindigogin soja tun yaƙin duniya na farko, kuma da yawansu ba ma kayan soja ba ne tun asali. Jamusawa sun tattaro na mafarauta a farkon yaƙin suka ba sojojinsu. Ingilishi a 1915 sun sayi ƴan madubai na kasuwa, irin su Lattey da Neill, suna maƙala su a kan bindigarsu Lee-Enfield. Amurka a yaƙi na biyu ta ɗauki Weaver 330, wanda kowa ke iya saye a kanti, ta ɗora shi a kan Springfield M1903A4. Ke nan kasancewar abu ɗan kasuwa ba shi ne ke hana shi zama na tarihi ba. Abin da masu tara tsofaffin makamai ke tambaya shi ne wa ya ɗora shi, yaushe, kuma ina shaida.

To a nan ne abubuwan biyu suka rabu. Tabarau na soja yana zuwa da shaidarsa a jikin bindigar. A Lee-Enfield No. 4 (T), wadda kamfanin Holland & Holland ya gyara wa maharban Ingila, za ka ga harafin T a ƙarfen, lambar tabarau ɗin No. 32 kuma an buga ta a katakon, wajen da hannu ke riƙewa. Faransawa nasu APX ne, na masana'antar Puteaux, ƙirar 1916 da 1917, kuma a kan Lebel, wata bindigar sojansu daban, aka fi ɗora shi, ana ba ƴan ƙalilan daga cikin gwanayen harbi. Bindigar kakanku in ba ta da ramukan ƙafar tabarau tun asali, to ba ta taɓa ɗaukarsa ba. Sa mata shi yau ƙara mata labarin da ba ta yi ba ne. Wannan ciwon ya cika kasuwar Mosin-Nagant ta Rasha: ana ɗaukar 91/30 ta gama-gari, a huda ta, a lanƙwasa hannun sakatarta, wato ƙarfen da ake ja a ɗana harsashi, a ɗora sabon tabarau irin na PU, a sayar da ita a matsayin ta maharbin 1942.

Saitin ƙarfe kuwa kowace Berthier da shi ta fito daga masana'anta. Kuma musanya shi ba baƙon abu ba ne, don masu gyaran makamai na bariki sun yi ta cire wanda ya lanƙwashe suna sa wani daga akwatin kayan gyara. Bindigar da ta yi shekaru a hannun soja da wuya a same ta duk sassanta na ranar farko ne. Saboda haka saitin wata Berthier a kan taku bai saɓa wa yadda rayuwar irin waɗannan bindigogi take ba, muddin irinta ne.

Wannan sharaɗin na "irinta" shi ne inda ya kamata ka tsaya ka duba da kyau, don Berthier ba guda ba ce. Akwai gajeru na 1890 da 1892. Akwai ta 1902 da aka yi wa sojojin Indoshin. Akwai ta 1907 da aka ƙera musamman don sojojin da ake kira ƴan Senegal, sunan da ya haɗa har da mutanenmu na nan da na sauran ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ta mulka. Daga ita aka samo 1907/15, mai cin harsashi 3, sannan ta 1916 mai cin 5. Lambobin da ke kan saiti nisa ne a mita, kuma an yanka su ne daidai da tsawon bututu da irin harsashin. Na gajeruwar yana tsayawa a 2000, na doguwar yana kaiwa 2400. Ita kanta Lebel ta 1886 da 2000 ta fara, sai da aka kawo harsashi mai tsini na Balle D a 1898 sannan aka sake mata saiti zuwa 2400. Don haka in ƙanenka ya aiko da na gajeruwa, tsoho ne, na Faransa ne, amma ba na bindigarku ba ne, kuma wanda ya sani kallo ɗaya zai yi ya gane.

Sai maganar ɓarna, wadda a ganina ta fi duk sauran nauyi. In ganyen saitin, wato sashen da lambobin ke kansa, ne kaɗai ya fita, gindinsa na nan a kan bututu, mayar da wani aikin ɗan ƙusa ne guda, gobe in an ga dama a cire ba tare da tabo ba. Tabarau kuwa ba ya zama a kan Berthier cikin sauƙi. Ta sama ake cusa mata ɗan ƙarfen da ke riƙe da harsasai, don haka duk abin da ya zauna a tsakiyar sama ya tare hanya, kuma yawancin 1907/15 hannun sakatarsu miƙaƙƙe ne, in an ɗaga shi sai ya bugi tabarau. Mai walda zai ce maka abu mai sauƙi ne, a huda nan, a lanƙwasa can. Ramin da aka huda a ƙarfe mai shekara ɗari ba ya komawa, ko an cike shi yana nan. Kamar tsohuwar rigar saƙi ce a kai wa tela ya yi mata aikin keke a wuya, ko an farke zaren, sawun allura ba ya ɓoyuwa. Akwai ƙafafun da ake sayarwa waɗanda ba sa buƙatar huji, suna zama a gurbin saitin baya. Waɗannan ba sa ɓarna, na yarda, amma amfaninsu na mai harbi ne wanda ido ya fara yi masa rauni. Taku a toshe take, me za a hanga?

Akwai wani rukuni a tsakiya da nake so ƴan zaure su sani, don kada wani ya ga baƙon saiti a tsohuwar bindiga ya yi gaggawar cire shi. Kamfanin Parker-Hale na Birmingham ya yi ta ƙera saitin gasa, 5A don tsohuwar Lee-Enfield, 5C don No. 4, masu gasar harbi a filin Bisley na Ingila suka yi shekaru suna amfani da su. Ba na fagen yaƙi ba ne, amma shaida ne na rayuwar da bindigar ta yi bayan ta bar bariki. Haka nan in aka sami bindigar da wani maƙerin Abzin ko na Adar ya ƙera wa saiti da hannunsa tun zamanin kakanni, ni ba zan taɓa shi ba. Mayaƙan Kawusan, jagoran Abzinawa da ya yi wa Faransa tawaye, da suka tsare Agadas daga Disamban 1916 zuwa Maris 1917 da bindigogin Italiya da aka kwaso daga Libiya suka yi yaƙi, kuma irin waɗannan makamai ba su da barikin da za a kai su gyara. Gyaran maƙeri a kansu yana cikin labarinsu.

Kafin a aiko da komai, ka ɗauko mana hoton rubutun da ke gefen hagu na ƙarfen, inda sunan masana'anta yake, Saint-Étienne ko Châtellerault ko Tulle ko wata, da shekarar da ke kan bututu, da gurbin saitin kansa. Ka duba ko akwai harafin N, alamar an gyara ta don harsashin 1932. Kada ka goge tsatsa da yashi ko takardar gurza, ɗan mai da tsumma sun isa. In an sa ganyen da aka samo, ka rubuta a takarda cewa na musanya ne da shekarar da aka sa shi, ka ajiye tare da takardun kaka. Kuma tunda makamin soja ce ko da a toshe take, ka fara zuwa wajen jandarma ka tabbatar takardun izininta sun cika, su ne kuma za su faɗa maka ko an yarda a shigo da wani sashenta daga waje.