Global Brand Database: rumbun da nake tantance wasiƙun 'yan damfara da shi

Duk wanda ya yi wa sunan sana'arsa ko tambarinsa rajista, to ya shirya karɓar wasiƙu daga wasu "ofisoshi" masu suna irin na hukuma, da hatimi, da hoton duniya a kusurwa, da lambar asusun banki a ƙasa. Dalilin kuwa shi ne rajistar alamar kasuwanci ba a ɓoye ake yin ta ba. Sunanka, adireshinka, lambar takardarka da ranar da ka shigar, duk ana wallafa su don mai ƙorafi ya fito. A nan 'yan damfara ke kwasar bayanai, shi ya sa takardarsu ke zuwa daidai, babu kuskure ko na harafi ɗaya.

Ni dai abin da nake buɗewa kafin in amsa wa kowa shi ne Global Brand Database na WIPO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da haƙƙin mallakar fasaha, wadda ke Geneva. Kyauta ne, kuma ba sai ka buɗe asusu ba. Ka rubuta suna ko lamba, ya fito maka da mai alamar, da ofishin da aka shigar da ita, da matsayinta, da ranar ƙarewarta, da rukunin kayan da ta shafa cikin rukunai 45 na tsarin Nice da ake rarraba kaya da ayyuka da shi wajen rajista, wato 34 na kaya, 11 na ayyuka. Har hoton tambari kana iya ɗorawa ya zaƙulo maka masu kama da shi. Wannan ɓangaren ya fi burge ni, ko da yake wani lokaci yakan jero abubuwan da ko makaho ya shafa ya san ba su da alaƙa da naka.

Inda ya fi yi mini amfani shi ne wata takarda da aka aiko mini kamar ta neman biya. Lambar rajistata ce a sama, tambarina a tsakiya, ga adadin kuɗi da baƙin rubutu mai kauri, an ce na "sabuntawa da wallafawa". Na duba rumbun, ranar ƙarewa tana nan da sauran shekaru. Rajistar ƙasa da ƙasa ta tsarin Madrid, wato tsarin WIPO na yi wa alama rajista a ƙasashe da yawa da takarda ɗaya, shekara 10 take yi kafin a sabunta, WIPO da kanta ke tuna wa mai alama wata shida kafin lokacin, kuma da faran na Suwizalan ake biyan ta. Waɗannan kuwa wani kuɗin daban suka nema, zuwa bankin wata ƙasa daban. Can ƙasan takardar, da rubutun da sai ka matso da shi kusa da ido, suka ce wannan tayi ne na sanya sunanka a kundinsu na kansu. Kundin da babu kotun da ta san da zamansa. Da wannan ɗan layin suke kare kansu idan magana ta tashi: ai mun faɗa, kai ne ba ka karanta ba.

Akwai kuma na imel. Wani ya ce shi lauya ne, wai wani abokin huldarsa na shirin yi wa sunan sana'ata rajista, amma don tausayi ya ba ni dama in riga shi, in dai na amsa da gaggawa. A nan rumbun rabin aiki kawai yake yi, domin takardar da ba a shigar ba tukuna ba za ta fito ba. Sauran rabin na hankali ne. Wane lauya ne zai kwashi sirrin wanda ya ɗauke shi aiki ya kai wa abokin hamayyarsa?

Rumbun yana da nasa naƙasun. Ba kowace ƙasa ce bayananta ke ciki ba, wasu kuma sukan makara kafin su shiga, don haka rashin ganin suna ba ya nufin sunan ba shi da mai shi. Sai ka haɗa da kundin ofishin ƙasar da ka yi rajista. A waya yana da wahalar sarrafawa, shafin ya fi dacewa da kwamfuta, kuma babu Hausa cikin harsunansa. Ba zai kuma ce maka wata alama ta yi kusa da taka har ta kai ga shari'a ba, wannan aikin lauyan da ka nemo da kanka ne.

Wani abin da na so a ce sun haɗa wuri ɗaya shi ne samfuran takardun bogi. WIPO tana wallafa su a wani shafi daban, haka ma EUIPO, ofishin Tarayyar Turai da ke Alicante, tana da tarin irinsu da jama'a suka aika mata. Mai alama a Amurka kuma ya duba adireshin imel ɗin, na USPTO, ofishin rajistar alamu na ƙasar, da uspto.gov yake ƙarewa. Takardar da aka aiko mini na tura wa WIPO kwafinta, ita kuma na ajiye ta a fayil don in nuna wa yaron da ke buɗe mana wasiƙu.