Ufa biyu da amfilifaya ɗaya: haɗin jere ko haɗin kafaɗa da kafaɗa?

Assalamu alaikum. Wani ƙanenmu daga Mabera ya kawo tambaya a wanga zaure. Ya ce ya sayi ufa biyu, wato manyan lasifikun mota masu fitar da dukan kiɗa, masu inci 12, kowacce tana da kwayil biyu, wato naɗin wayar da ke motsa ufa, kowane kwayil om 4 ne, kuma an rubuta kowace ufa tana ɗaukar wat 300. Amfilifayarsa mai layi ɗaya ce, takardarta ta ce tana ba da wat 300 a kan om 4, wat 500 a kan om 2, kuma kada a sauka ƙasa da om 2. Wani ya ce masa ya yi siris, wani ya ce faralel ya fi duka. Shi kuma so yake ya san wanne zai bi kafin ya yanke waya.

Ƙanena, ka kyauta da ka tsaya ka tambaya, domin kayan nan ba araha gare su ba. Na daɗe ina aikin lantarkin mota, kuma yawancin amfilifayar da ake kawo mini a ƙone, a wurin haɗin waya aka kashe ta.

Mu fara da om ɗin. Mutane da yawa sun ɗauka ƙarfin ufa ne, har kana jin ana cewa mai om 8 ta fi mai om 4 ƙarfi. Ba haka ba ne. Om awo ne na yadda kwayil ke tare wa lantarki hanya. Sunan wani masani ne ɗan Jamus, Georg Ohm, wanda ya fitar da ƙa'idar a shekarar 1827. Duk wanda ya taɓa ban ruwa a fadamar Kwalkwalawa zai gane ta nan take. Injin ban ruwa shi ne amfilifaya. In ka sa masa mesa ɗaya doguwa, ruwa kaɗan-kaɗan zai riƙa fita. In ka buɗe masa baki biyu a lokaci guda, ruwa zai kwarara, amma a jikin injin ake cire wannan ruwan. To om mai yawa shi ne doguwar mesa, om kaɗan shi ne baki a buɗe.

Siris, wanda ni nake kira haɗin jere, shi ne lantarki ya shiga kwayil na farko, ya fita, sannan ya shiga na biyu. Wato ƙafar ɗebewa (mai alamar −) ta na farko a ɗaura ta da ƙafar tarawa (mai alamar +) ta na biyu, ragowar ƙafafu biyu su tafi amfilifaya. A nan tara om ake yi: 4 da 4 sun zama 8. Faralel kuwa, haɗin kafaɗa da kafaɗa, shi ne a haɗa duk ƙafafun tarawa wuri ɗaya, duk na ɗebewa wuri ɗaya. A nan rabawa ake yi: in kwayil ɗin iri ɗaya ne, a raba om ɗin guda da yawansu. Biyu masu om 4 su ba da 2, uku su ba da 1.33, huɗu su ba da 1.

In aka jera su gefe da gefe, haɗin jere yana sauƙaƙa wa amfilifaya, ba ta yin zafi sosai, ba ta jan batir da yawa, amma wat ɗin da za ta fitar ya ragu. Kuma in kwayil ɗaya ya yanke, layin duka ya mutu, ka ji tsit. Haɗin kafaɗa da kafaɗa yana tatso ƙarfin amfilifaya, kuma in ufa ɗaya ta yanke ɗayar na ci gaba da aiki, amma kowace ufa da ka ƙara, ka ƙara wa amfilifaya kaya. Saboda haka wanda ya ce maka faralel ya fi duka bai yi ƙarya ba, sai dai bai duba takardar amfilifayarka ba. Ita ce mai yanke hukunci.

Yanzu ga inda maganarka take da ɗan sarƙaƙiya. Ufarka biyu ce amma kwayil ɗinka huɗu ne. Kwayil huɗu masu om 4, in za a yi amfani da su duka daidai wa daida, sakamako uku kawai suke bayarwa. Ka jera su duka, ka samu om 16, wanda ba shi da wani amfani a mota. Ka haɗa su duka kafaɗa da kafaɗa, ka samu om 1. Ka gauraya biyun, ka samu om 4. Om 2 ɗin nan da amfilifayarka ta fi ƙarfi a kansa, ba ya cikin jerin. Da ufa ɗaya ce da ka same shi, ko da a ce biyun masu kwayil om 2 ne, su ne ke ba da rabin om, ko 2, ko 8. Shi ya sa nake roƙon 'yan'uwa kullum su yi lissafin nan kafin su je kasuwa, su san amfilifayar da za su saya sannan su nemi ufar da ta dace da ita.

To zaɓinka ya rage tsakanin om 1 da om 4. Ni om 4 nake ba ka shawara, ba tare da wani kokwanto ba.

Dubi abin da om 1 zai yi. Domin amfilifayar ta ba da wat 500 a kan om 2, tana tura kusan bolt 32, lantarkin da ke bi ta cikinta kuma kusan amfiya 16 ne. In ka sauke ta zuwa om 1, bolt ɗin nan zai nemi ya ja amfiya 32. Lantarki ya ninka biyu, zafin da yake haifarwa a hanyar da yake bi kuwa ninki huɗu yake yi. In tana da kariya mai kyau, sai ka ga jar fitila ta kama, sauti ya ɗauke, bayan ɗan lokaci ya dawo. In ba ta da ita, sai ƙauri. Kuma mu a Sakkwato muke. A watan Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40 a inuwa, balle cikin but ɗin motar da ta wuni a rana. Abin da zai iya lallaɓawa na 'yan watanni a ƙasa mai sanyi, a nan bazara ɗaya ta ishe shi. A bara an kawo mini wata mota, mai ita ya ce da safe lafiya lau, amma in ya kama hanyar Illela da azahar, kafin ya kai Kware sauti ya fara ɗaukewa. Har ya canza batir. Da na sa mita, sai na tarar an haɗa masa kwayil huɗu kafaɗa da kafaɗa a kan amfilifayar om 2. Waya biyu muka sauya wa wuri, ciwon ya tafi.

Na san abin da ke ranka: wat 300 kawai, a raba wa ufa biyu, kowacce ta samu 150, rabin abin da take iya ɗauka. Gaskiya ne. Amma kunne ba ya ƙirga wat yadda muke ƙirga kuɗi. In ka ninka wat sau biyu, desibel 3 kawai ka ƙara, desibel kuwa shi ne awon ƙarar sauti. Tsakanin 300 da 500 kuwa desibel 2 ne da ɗan ɗoriya, za a ji bambancin amma ba wani mai yawa ba. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai an ƙara kusan desibel 10, wato wat ya ninka sau goma. Ƙarancin wat mai tsabta ba ya ƙona ufa. Abin da ke ƙona ta shi ne mutum ya ji sauti bai ishe shi ba ya murɗa gen har ƙarshe, sautin ya fara tsagewa, kwayil ya gasu. Gen ba maɓallin ƙara murya ba ne, na daidaita amfilifaya ne da abin da rediyo ke turo mata.

Ga yadda za ka haɗa. A jikin kowace ufa, ɗauki gajeriyar waya ka haɗa ƙafar ɗebewa ta kwayil na farko da ƙafar tarawa ta na biyu. Kowacce ta zama om 8 ke nan, kuma ƙafa biyu suka rage mata. Sai ka haɗa ufofin biyu kafaɗa da kafaɗa, tarawa da tarawa, ɗebewa da ɗebewa, zuwa amfilifaya. 8 a raba biyu, om 4. Ana iya juyawa, a mai da kowacce om 2 sannan a jera su, lissafin ɗaya ne. Amma na fi son ta farko, domin kowace ufa kai tsaye take samun lantarkinta daga amfilifaya, ba ta cikin 'yar'uwarta ba, kuma in ɗaya ta yanke, om 8 ya rage, amfilifaya ba ta cutu ba.

Akwai masu dabarar barin kwayil ɗaya-ɗaya a sake, su haɗa biyun da suka rage su samu om 2. Mita za ta yarda, amma ka ɗora wa rabin waya aikin duka, ƙarfin da ufar ke ɗauka ya ragu, motsinta ma ya canza. Ban ga ribarsa ba.

Kafin ka ɗaura wa amfilifaya, sa mita a bakin wayoyin biyu. Kada ka firgita in ka ga 3.2 ko 3.6 maimakon 4, haka yake, mita ƙasa kaɗan take nunawa. In ka ga kusan 1, an yi kuskure, warware. Sannan ɗauki ƙaramin batir na tocila mai bolt 1.5 ka ɗan taɓa: fuskokin ufa biyun su motsa tare, waje ɗaya. In ɗaya ta fito ɗaya ta shige, to an juya ƙafa, kuma za su riƙa cinye dukan juna, ka ga suna motsi amma ƙirjinka bai ji komai ba.

Wannan duk a kan amfilifaya mai layi ɗaya ne. Wanda tasa mai layi biyu ce ya haɗe su ya yi burij, ya sani kowane layi rabin om ɗin yake gani, shi ya sa yawancinsu ba su yarda da ƙasa da om 4 a burij ba. Haka kuma kada a haɗa ufa mai om 4 da mai om 2 a layi ɗaya. A kafaɗa da kafaɗa mai om 2 za ta kwashe kashi biyu cikin uku na wat ɗin, a jere kuma mai om 4 ce za ta kwashe.

Sai wayar batir. A wat 300 za ka riƙa jan kusan amfiya 30 lokacin duka mai ƙarfi, altanetar ƙaramar mota za ta iya da shi. Nemi wayar jan ƙarfe ta gaske, ka kankare bakinta ka gani, domin akwai ta alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a baya, ba ta ɗaukar lantarki kamar ta ainihi. Fis ya zauna kusa da kan batir, kada ya wuce santimita 45, shi ne ke tsare motar daga gobara in waya ta goge a jikin bodi. Wayar as, wadda ake ɗaurewa a jikin bodi, ta zama gajeriya, kaurinta ɗaya da ta batir, a kankare fenti kafin a ɗaure. Amfilifayar kuma a ba ta wurin shan iska, kada a rufe ta da darduma, in hunturu ya wuce a busa mata ƙura.

In nan gaba Allah ya hore, ka sayi amfilifayar da aka rubuta mata om 1 ta kamfanin kirki, wat 600 na gaskiya, ka duba inda aka sa RMS, wato wat ɗin da take iya bayarwa a kai a kai, ba babbar lambar jikin kwali ba. Ranar nan sai a cire gajerun wayoyin, a haɗa kwayil huɗun kafaɗa da kafaɗa, kowace ufa ta samu 300 ɗinta cif. Ufofin da ka saya za su yi maka aiki a haɗin biyun, ba sai ka mayar ba.